Kalmar Sirri da Dakan Gaggawa a Manhajojin Burauza

  

Yau a filinmu na fasahar zamani za mu yi magana a kan kalmar sirri, da kuma ƙananan manhajojin da muke ɗora wa burauza mu ba su amanar ajiye ta. Wasu daga cikinsu suna kulle amanar da kyau. Wasu kuwa kullin nasu sako-sako ne, kuma mai amfani da su ba ya gani. Duk hotonsu ɗaya a fuskar kwamfuta. Da yawansu da alamar kwaɗo suke zuwa.

Shirin namu kashi biyar ne. Na farko, mece ce wannan ƙaramar manhaja. Na biyu, yadda ake ɓoye kalmar sirri. Na uku, labarin wata manhaja daga jami'ar Stanford. Na huɗu, abin da ya faru da kamfanin LastPass a 2022. Na biyar, abin da ya kamata kowa ya yi a gida. Ku biyo mu.

(Kiɗa)

Kashi na farko. Mece ce ƙaramar manhajar burauza?

Burauza dai ita ce manhajar da kake buɗewa ka shiga intanet. Chrome, Firefox, Edge, Opera, duk burauza ne. To, akwai wasu ƙananan manhajoji da ake liƙa mata don su ƙara mata aiki. Masu kwamfuta suna kiran su ekistenshan. Wata tana toshe tallace-tallace. Wata tana fassara shafi. Wata tana ajiye maka duk kalmomin sirrinka a rumbu ɗaya, irin LastPass da Bitwarden. Wata kuma jakar kuɗin kirifto ce, irin MetaMask, wadda matasanmu masu harkar kirifto suka sani sarai.

An fi samun su a kwamfutar tebur da ta tafi-da-gidanka. Amma mai waya ma kada ya kauda kunne. Rumbun da ke cikin kwamfuta shi ne dai ke cikin manhajar waya, kalmar sirri ɗaya ke buɗe su.

Ga abin lura guda biyu. Na farko, rubutun da aka gina ekistenshan da shi yana sauka ne a cikin kwamfutarka. Duk mai ilimin abin yana iya buɗewa ya karanta. Ke nan hanyar da manhajar ke bi ta ɓoye sirri ba sirri ba ce. Ɓarawo ya san ta.

Na biyu, rumbun naka yana da kwafi. Akwai kwafi a kwamfutarka. Sau da yawa akwai wani a wurin kamfanin. Idan ɓarawo ya ɗauke kwafin, ya tafi da shi ɗakinsa. Can babu mai ce masa ya yi kuskure sau uku, an rufe. Zai gwada sau miliyan, sau biliyan, dare da rana, babu mai hana shi.

Ku riƙe wannan. Kwafin da aka sace ba ya ƙorafi, ba ya kulle kansa.

(Kiɗa)

Kashi na biyu. Yaya ake ɓoye kalmar sirri?

Manhaja ta ƙwarai ba ta ajiye kalmar sirrinka yadda ka rubuta ta. Tana bi da ita ta cikin wani lissafi, sai ta koma jerin lambobi da haruffa marasa ma'ana. Masana suna kiran wannan aiki hashin. Mu a nan za mu ce masa daka.

Uwargida, ke kin fi kowa sanin wannan. Idan kin zuba gero a turmi kin daka, ya zama gari. Babu mai mayar da gari ya koma ƙwayar gero. Haka lissafin yake. Hanya ɗaya yake bi, ba ya dawowa. Kuma kalma iri ɗaya, gari iri ɗaya take bayarwa kullum. Shi ya sa idan ka rubuta kalmarka gobe, manhajar za ta sake dakawa, ta kwatanta da garin da ke ajiye. Idan sun yi daidai, ta buɗe maka. A rumbun kalmomin sirri kuma, daga garin nan ake ƙera makullin da ke buɗe rumbun.

To ɓarawo fa? Shi ba ya ƙoƙarin mayar da gari gero. Ya san ba zai yiwu ba. Abin da yake yi shi ne canka. Ya ɗauko kalma, ya daka, ya kwatanta. Ba ta yi ba, ya ɗauko wata. Yana da jerin kalmomin da mutane suka saba amfani da su. A 2009 an kutsa wani kamfani a Amurka mai suna RockYou, aka kwashe kalmomin sirri kusan miliyan 32 a fili, ko dakawa ba a yi ba. Har yau masu kutse da wannan jerin suke farawa.

Ashe ke nan tambayar ita ce, canka nawa ɓarawo zai iya yi a sakan ɗaya?

A nan saurin dakan ya shigo. Akwai tsofaffin hanyoyin daka, irin MD5, wadda ta fito a farkon shekarun 1990, da SHA-1. An ƙirƙire su ne don su yi sauri. Katin hoto mai ƙarfi guda ɗaya, irin wanda masu wasan kwamfuta ke saya, yana iya dakan MD5 fiye da sau biliyan 100 a sakan ɗaya. Ku ji da kyau. Biliyan 100, a sakan ɗaya, da kati ɗaya.

Bari mu kawo shi gida. Mutane da yawa lambar wayarsu ce kalmar sirrinsu. Lambar waya a Najeriya lambobi 11 ce, ta farko kullum sifili. Saura 10. Duk lambobin da za a iya haɗawa da su ba su wuce biliyan 10 ba. Wato kafin ka ƙifta ido, katin nan ya gwada kowace lambar waya da ke ƙasar, har da waɗanda ba a taɓa ba kowa ba.

Maganin wannan abu biyu ne.

Na farko, gishiri. Haka masana suke kiran sa. Wasu lambobi ne marasa tsari da ake barbaɗa wa kalmar kowane mutum kafin a daka, kowa da nasa. Idan mutum biyu suka zaɓi kalma ɗaya, garinsu zai bambanta. Dole ɓarawo ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya. A 2012 an sace bayanan LinkedIn. An daka kalmomin da SHA-1, babu gishiri. Da farko miliyan 6.5 suka bayyana, a 2016 aka gano sun haura miliyan 100. Mafi yawansu an fasa su cikin ɗan lokaci.

Na biyu, jinkiri. A sa manhaja ta maimaita dakan sau dubbai kafin ta fitar da gari. Kai mai kalmar, sau ɗaya za ka rubuta, ka jira ƙasa da sakan. Ba ka yi asarar komai ba. Shi kuwa ɓarawo, kowace canka sai ya yi wannan wahalar. Akwai hanyoyin da aka gina musamman don haka. Akwai bcrypt ta 1999. Akwai PBKDF2 ta 2000. Akwai scrypt ta 2009. Akwai Argon2, daga jami'ar Luxembourg, wadda ta ci gasar masana a 2015. Su biyun na ƙarshe ba lokaci kaɗai suke ci ba, har ma'adanar kwamfuta suke cikawa, don katin hoto ya kasa yin aiki da yawa a lokaci guda.

Ga jigon shirinmu. Daka mai sauri ɓarawo yake taimaka wa. Daka mai jinkiri kai yake karewa.

(Kiɗa)

Idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan raunin ɓoye kalmar sirri a ƙananan manhajojin burauza. Mun shiga kashi na uku.

A 2005 wasu masana a jami'ar Stanford ta Amurka, cikinsu har da Farfesa Dan Boneh da Blake Ross, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara Firefox, suka fitar da wata ekistenshan mai suna PwdHash. Tunaninsu mai kyau ne. Sun lura mutane kalma ɗaya suke sawa a ko'ina. Idan an sace ta a shafi ɗaya, an sace ta a duka.

Sai suka ce, to, ka riƙe kalmarka ɗaya. Idan ka rubuta ta, manhajar za ta haɗa ta da sunan shafin da kake ciki, ta daka su tare. Garin da ya fito shi za a aika wa shafin. Kowane shafi da irin garinsa. Shafin bogi ma, idan ya yaudare ka, garin da ba shi da amfani zai samu, tunda sunansa daban ne.

Dabara ce mai kyau a kan shafukan bogi. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Dakan da aka yi amfani da shi a kan MD5 aka gina shi, babu maimaici mai yawa. Gishirin kuma sunan shafi ne, wanda kowa ya sani, kuma iri ɗaya ne ga duk masu shiga wannan shafin.

A 2016 wasu masu bincike biyu na jami'ar Kambirij a Ingila, David Llewellyn-Jones da Graham Rymer, suka gwada. Suka ɗauko bayanan da aka riga aka sace daga wasu shafuka, suka yi ta canka suna bin hanyar PwdHash. Suka kuwa gano ainihin kalmomin wasu masu amfani da manhajar.

Ku duba girman abin. Wanda aka gano kalmarsa, ba shafi ɗaya ya rasa ba. Kalmar nan ita ce uwar sauran. Ɓarawo zai haɗa ta da sunan kowane shafi, ya daka da kansa, ya shiga. Mutum ya ɗauka ya tsira, har ya saki jiki ya zaɓi kalma mai sauƙi. An gudu ba a tsira ba.

Kuma kada a ce ƙananan manhajoji kaɗai ke wannan sakaci. A 2018 Wladimir Palant, wanda aka sani da gina Adblock Plus, ekistenshan ɗin toshe tallace-tallace, ya ja hankalin duniya ga yadda Firefox kanta ke kare kalmomin da aka ajiye a cikinta. Dakan SHA-1 ne, sau ɗaya tak. An kai rahoton matsalar tun shekara tara kafin nan, tana nan ba a gyara ba. Daga baya aka ɗaga maimaicin zuwa 10,000.

(Kiɗa)

Kashi na huɗu. Labarin LastPass.

LastPass kamfani ne na Amurka. Miliyoyin mutane suna ajiye kalmomin sirrinsu a ekistenshan ɗinsa. Kalma ɗaya babba ke buɗe rumbun. Kamfanin yana amfani da PBKDF2, wato daka mai maimaici. Hanyar kanta ba ta da laifi. Laifin yana wurin adadin.

A farkon kamfanin, maimaicin sau 1 ne. Daga baya ya koma 500. Sannan 5,000. A 2018 aka ɗaga shi zuwa 100,100. Sababbin masu rajista suka samu sabon adadi. Amma tsofaffi da dama an bar su a inda suke. Wanda ya fi daɗewa yana amfani da manhajar, shi ya fi zama a fili, kuma bai sani ba. Sai ya shiga can cikin saituna kafin ya ga lambar.

A watan Agustan 2022 masu kutse suka shiga sashen masu gina manhajar. Bayan haka suka bi ta kwamfutar gida ta wani babban injiniyan kamfanin, ta hanyar wata tsohuwar manhajar kallon fina-finai da ba a sabunta ba. Daga nan suka samu makullan ma'ajiya. Ranar 22 ga Disamba, 2022, kamfanin ya sanar cewa an kwashe kwafin rumbunan abokan hulɗarsa.

Rumbunan a kulle suke. Amma adiresoshin shafukan da ke ciki ba a kulle su ba. Wato ɓarawo yana iya dubawa ya ga wa ke da asusun kirifto, ya fara da shi.

Yanzu mu yi ɗan lissafi tare. A 2023 ƙungiyar masana tsaron manhaja ta OWASP ta ba da shawarar maimaici 600,000 ga irin wannan daka. Raba 600,000 da 5,000. Ka samu 120. Ma'ana, kalmar da za ta ci wa ɓarawo kwana 120 a adadin 600,000, kwana ɗaya za ta ci a na 5,000. Mai 500 kuwa, ninki 1,200 ne. Aikin da ya kamata ya haura shekara uku, a kwana ɗaya an gama. Kalma ɗaya ce, mutum ɗaya ne. Lambar da ke cikin saituna kawai ta bambanta.

A watan Satumban 2023 ɗan jarida Brian Krebs ya ruwaito cewa masu bincike sun bi sawun satar kuɗin kirifto fiye da dala miliyan 35 daga mutane sama da 150. Abin da ya haɗa da yawansu shi ne, sun ajiye kalmomin farfaɗo da jakarsu ta kirifto, wato kalmomin da duk mai su zai iya buɗe jakar, a LastPass. Kamfanin ya ce ba a nuna masa hujja yankakkiya da ta danganta satar da kutsen ba. Amma ya ɗaga maimaicin zuwa 600,000, kuma daga Janairun 2024 ya wajabta wa kowa babbar kalma mai haruffa 12 ko fiye.

Sai dai ga inda abin ke da ciwo. Gyaran bai shafi kwafin da aka riga aka sace ba. Shi yana hannun ɓarayi da tsohon adadinsa da tsohuwar kalmarsa. Ko ka canza babbar kalmarka yau, kwafin 2022 da ta 2022 yake buɗewa. Ga wannan kwafin, gyara ihu ne bayan hari.

(Kiɗa)

Kashi na biyar, kuma na ƙarshe. Me za mu yi? Mai biro ya ɗauko. Abu shida ne.

Na ɗaya. Buɗe burauzarka, ka duba jerin ekistenshan da ke ciki. Wadda ba ka san ta ba, cire ta. Wadda ka daina amfani da ita, cire ta. Wadda masu ita suka shekara da shekaru ba su sabunta ba, kada ka ba ta kalmar sirri. Idan mai gyara ne ya loda maka kwamfuta, wannan dubawar ta zama dole.

Na biyu. Idan kana amfani da rumbun kalmomin sirri, shiga saituna, sashen tsaro. Nemi inda aka rubuta PBKDF2 ko Argon2id. Idan PBKDF2 ne, adadin ya kai 600,000. Idan an ba ka zaɓin Argon2id, kamar yadda Bitwarden ta fara bayarwa a 2023, zaɓi ne mai kyau. Musamman kai da ka yi rajista tun da daɗewa, duba yau.

Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci, don shi ne a hannunka. Tsawaita babbar kalmarka. Ban da lambar waya. Ban da sunan ɗa da shekarar haihuwarsa. Ban da sunan ƙungiyar ƙwallo. Ban da karin magana, ko baitin waƙa, ko aya. Duk abin da aka taɓa rubutawa a intanet yana iya shiga jerin masu canka, kuma Hausa ba ta ɓoye maka komai a nan. Zaɓi kalmomi shida da babu abin da ya haɗa su, ta hanyar ƙuri'a, ba da son ranka ba. Ga dalili. Idan daga cikin kalmomi 1,000 ka zaɓo shida da ƙuri'a, haɗe-haɗen da za su yiwu biliyan sau biliyan ne. Ɓarawon da ke canka miliyan ɗaya a sakan, sai ya yi fiye da shekara 30,000 kafin ya ƙare su.

Na huɗu. Kunna tantancewa mai mataki biyu, wato lambar da ke zuwa a waya bayan kalmar sirri. Tana da amfani ƙwarai. Amma ka san iyakarta. Ƙofar shiga take tsarewa. Kwafin da aka sace ba ya tambayar lamba.

Na biyar, ga masu kirifto. Kalmomi 12 na farfaɗo da jaka, a takarda ake rubuta su, a adana. Ban da hoto a waya. Ban da rumbun intanet. Kuma ku guji manhajojin sata da ake saukewa kyauta. Ta cikinsu ake cusa ƙwayoyin cutar da ke kwashe fayil ɗin jaka daga burauza. Idan an kwashe, abin da ya rage tsakanin ɓarawo da kuɗinka shi ne ƙarfin kalmarka da jinkirin dakan.

Na shida. Idan ka ji an kutsa kamfanin da ke riƙe da rumbunka, canza babbar kalma bai isa ba. Canza na cikin ma. Fara da imel, don ta nan ake sake saita sauran. Sai banki. Kuɗin kirifto kuma a buɗe sabuwar jaka a mayar da su.

Kafin mu rufe, ga saƙo ga 'yan'uwa matasa masu koyon rubuta manhaja. Kada ku daka kalmar sirri da MD5. Kada ku daka da SHA-1. SHA-256 ma, ita kaɗai babu maimaici, ta yi sauri da yawa. Ku yi amfani da Argon2id, ko scrypt, ko bcrypt. Idan PBKDF2 ce, wadda burauza ke zuwa da ita a shirye, ku sa adadi mai yawa. Kowane mutum da gishirinsa. Kuma ranar da kuka ɗaga adadin, ku ɗaga wa tsofaffin masu rajista ma, da zarar sun shigo. Kwamfutoci suna ƙara ƙarfi kowace shekara. Adadin da ya wadatar a 2013 ya zama abin wasa a 2022.

To jama'a, kada mu ce tunda haka ne a daina amfani da rumbun kalmomin sirri. Rumbu mai kyau da doguwar kalma ya fi kalma ɗaya da ake yawo da ita a shafi ashirin. Abin da muke cewa shi ne, alamar kwaɗo a fuskar manhaja ba ta isa shaida ba. Ƙarfin kullin yana wuri biyu. Jinkirin daka, wanda ke hannun masu manhaja, amma kana iya dubawa. Da tsawon kalma, wanda ke hannunka kai kaɗai.

Mu maimaita sau ɗaya. Duba ekistenshan ɗinka. Duba adadin maimaici. Tsawaita babbar kalma. Wanda ya ji kuma ya sanar da wanda bai ji ba, musamman ɗan'uwan da ya daɗe da buɗe asusunsa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu.